Makullin da ya san mai shi: Yadda 'yar hular roba ke tsare babur ɗin ruwa da matuƙinsa

 A wannan mako za mu bar tudu mu shiga ruwa. Da yawanmu mun taɓa ganin babur ɗin ruwa a fim ko a bidiyon waya, wato abin hawan nan mai kama da babur amma babu taya, wanda ke tsala gudu a kan teku yana watso ruwa ta baya. Gudun ne ya fi jan ido. Amma in kuka lura da kyau, za ku ga wata igiya mai murɗe-murɗe kamar ta tsohuwar wayar tarho, gefe ɗaya a maƙale a jikin rigar matuƙin, ɗaya gefen a jikin babur ɗin. A ƙarshen igiyar nan makullin yake. Ba shi da haƙora irin na makullin ɗaki, ba a kuma murɗa shi, amma aiki uku yake yi: yana hana ɓarawo tayar da inji, yana kashe inji in matuƙi ya faɗa ruwa, yana kuma rage wa ɗan koyo gudu. Yau za mu buɗe cikinsa mu ga yadda yake yin haka.

Jirgin da ba shi da farfela a waje

Kafin mu je ga makullin, ya kamata mu san abin da yake tayarwa. Kwalekwale mai inji da muka saba gani yana da farfela a cikin ruwa ta baya. Matsalarta ita ce in ruwa ba shi da zurfi, sai ta daki dutse ko yashi ta karye. Wannan matsala ce ta dami wani manomi kuma injiniya ɗan ƙasar Niyu Zilan mai suna William Hamilton, domin kogunan yankinsu suna da gudu amma ba su da zurfi. A shekarar 1954 ya ƙera jirgin da ke zuƙar ruwa ta ƙasansa, wani famfo da ke ciki ya matsa shi, sannan ya feso shi ta wani bututu a baya da ƙarfin gaske. Ruwa ya yi baya, jirgi ya yi gaba. 'Yan ajin kimiyya za su tuna da doka ta uku ta Newton, wadda ta nuna cewa duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka ta ɗaya ɓangaren. A 1960 jiragen Hamilton suka haura kogin Kolorado na Amurka ta cikin kwazazzabon Grand Canyon, suna fuskantar ruwan, abin da ya sa duniya ta san da su.

Babur ɗin ruwa ƙanen wannan jirgi ne, da irin famfon yake tafiya. Kamfanin Bombardier na lardin Kebek a Kanada ya fitar da Sea-Doo a 1968, bai yi kasuwa ba aka dakatar da shi, sai a 1988 ya dawo da ƙarfinsa. Kawasaki na Japan ya fito da Jet Ski a 1973, sunan da har yau mutane ke kiran kowane babur ɗin ruwa da shi, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo. Yamaha kuma ya shigo da WaveRunner a tsakiyar shekarun 1980. Waɗannan kamfanoni uku su ne manyan masu ƙera shi har yanzu.

Tsohon makulli da rauninsa

Babur ɗin ruwa na farko-farko ba su da wani makulli na kirki. Abin da suke da shi wata 'yar roba ce mai baki biyu da ake cusawa a ƙarƙashin wani maɓalli domin ta riƙe shi. Muddin robar tana wurin, wuta za ta isa filogi. In aka fizge ta, maɓallin ya koma mazauninsa, inji ya mutu. Dabara ce mai kyau wajen ceton wanda ya faɗi, amma ba ta tsare komai daga ɓarawo, domin robar babur ɗin wane daidai take da ta babur ɗin wane muddin kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Ana ma sayar da su a haɗe a igiya ɗaya, ta kowane kamfani, a shagunan kayan jiragen ruwa.

Ku ƙiyasta abin da hakan ke nufi. Abin hawa ne mai tsada, wasu kuɗinsu ya kai na ƙaramar mota, ana ɗaure shi a bakin ruwa a tafi cin abinci, kuma duk wanda ya mallaki 'yar roba mai arha zai iya hawa ya ɓace. A ruwa kuwa babu sawun taya da za a bi. Ba ɓarayi kaɗai ake gudu ba, har da yaran gida da baƙi masu karambani da za su iya tayar da shi ba tare da izini ba.

Hular da ke ɗauke da lamba

A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Bombardier ya sanya wa Sea-Doo wani sabon tsari da ya kira DESS, wanda ma'anarsa ita ce tsarin tsaro mai ɓoyayyiyar lamba. An sanya shi a baburan ruwa da kuma ƙananan jiragen kamfanin masu famfo irin su Speedster da Challenger. A madadin tsohuwar robar, sai aka yi wata 'yar hula da ake kifawa a kan wani ɗan turke da ke gaban matuƙi. A ido ba ta da wani abin burgewa. Amma a cikinta akwai abubuwa biyu: mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, da wata 'yar ƙwayar lantarki mai kama da wadda ke jikin layin wayar salula.

Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya. A cikin turken akwai wani ƙaramin maɓalli da ba ya buƙatar yatsa. Siraran ƙarafa biyu ne a cikin bututun gilashi da aka toshe, suna kusa da juna amma ba su taɓa juna ba. Da zarar mayen ƙarfen da ke cikin hular ya matso, sai ƙarafan su manne, wuta ta sami hanya. In ya yi nisa, su rabu. Irin maɓallin nan ne ake sanyawa a na'urorin da ke ƙara in an buɗe ƙofa ko taga. Amfaninsa a ruwa shi ne a rufe yake ruf, babu inda ruwa zai shiga ya ɓata shi.

Mannewar ƙarafan ita ce ke farkar da kwamfutar babur ɗin. Da ta farka sai ta nemi lambar da ke cikin ƙwayar hular. Kowace hula da lambarta, tun daga masana'anta aka rubuta ta, kuma ba a goge ta. Kwamfutar tana da jerin lambobin da aka koya mata, wanda a tsofaffin samfura yakan ɗauki makullai har 8. Sai ta gwada lambar da ta karanta da waɗanda ke cikin jerin. In ta dace, za a ji gajeriyar ƙara sau biyu, alamar an gane makullin, daga nan matuƙi ya danna maɓallin tayarwa. In ba ta dace ba, doguwar ƙara ɗaya za a ji, inji kuma ba zai tashi ba. Duk wannan yana faruwa kafin matuƙi ya gama gyara zama.

Wataƙila wani zai ce, to ai sai ɓarawo ya yi ta gwada lambobi har ya dace. A nan lissafi ke shigowa. Kwamfuta tana rubuta lamba da sifiri da ɗaya ne kawai. Gurbi ɗaya yana ba da zaɓi 2, gurbi biyu 4, gurbi uku 8, kowane ƙarin gurbi yana ninka adadin. Gurbi 10 ya ba da 1,024. Gurbi 20 ya haura miliyan ɗaya. Gurbi 30 ya haura biliyan ɗaya. Wanda zai gwada lamba ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi sama da shekara 30 kafin ya ƙare biliyan ɗaya. Makullin ƙarfe kuwa, mai yankan makulli a kasuwa zai kwafe shi cikin 'yan mintuna, domin sirrinsa a fili yake a jikin haƙoransa.

Wani abin lura shi ne, babur ɗin ne ke haddace makulli, makullin bai san komai game da babur ba. Saboda haka mai babur biyu zai iya sa a koya wa dukkansu hula ɗaya. Haka kuma in hula ta ɓata, za a iya share lambarta daga jerin, duk wanda ya tsince ta ya tsinci roba kawai.

Idan matuƙi ya faɗa ruwa

Aiki na biyu ya fi na farko muhimmanci, domin shi rai yake tsarewa. Faɗuwa daga babur ɗin ruwa abu ne da ake sa rai da shi, har ga ƙwararru. Igiyar ruwa ɗaya ko kwana mai tsanani ta isa ta wurgar da mutum. In ya faɗi, igiyar da ke maƙale a rigarsa ta kariya daga nutsewa ko a wuyan hannunsa za ta fizge hular, mayen ƙarfe ya yi nisa da turke, ƙarafan nan biyu su rabu, inji ya mutu nan take. Babur ɗin zai ɗan zarce ya tsaya, mutum ya yi iyo ya kamo shi.

Me zai faru in ba a ɗaura igiyar ba? Wani haɗari da ya auku a Ingila ya ba da amsa mai ɗaci. A watan Mayu na 2013, a gaɓar garin Padstow da ke yankin Cornwall, iyali guda su shida suna cikin wani ƙaramin jirgi mai gudu, irin mai farfela a waje. Jirgin ya yi kwana mai tsanani ya watsar da su duka cikin ruwa. Da yake inji bai mutu ba, sai jirgin ya ci gaba da zagayawa babu kowa a ciki, yana bi ta kan mutanen da ya zubar. Mahaifin da 'yarsa mai shekara 8 suka rasu, mahaifiyar ta rasa ƙafa ɗaya. Sai da wani mazaunin garin ya yi kasada ya tsallaka cikin jirgin sannan aka tsayar da shi. Masu binciken haɗurran ruwa na ƙasar sun gano cewa jirgin yana da igiyar kashe inji, amma ba ta ɗaure a jikin mai tuƙi ba a lokacin.

Irin wannan ne ya sa ƙasashe suka mayar da abin doka. A Amurka, tun daga 1 ga Afrilu, 2021, dokar tarayya ta wajabta wa masu tuƙa jiragen shaƙatawa da tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba, wato kusan mita 8, su ɗaura igiyar kashe inji a lokacin da suke gudu. Hikimar masu ƙera babur ɗin ruwa ita ce sun haɗa igiyar da makullin wuri guda, ta yadda ba za a tayar da inji ba sai da ita. Sai dai babu kwamfutar da za ta san ko ɗaya gefen igiyar yana jikin mutum ko an naɗe shi a hannun babur. Wannan kam sai hankalin matuƙi.

Makullin ɗan koyo

Tunda kwamfuta tana iya bambanta wannan hula da waccan, sai injiniyoyi suka ga ai za ta iya yi wa kowace hula hukunci daban. Daga nan aka sami makullin ɗan koyo. A Sea-Doo, in aka kifa wannan hula, kwamfuta tana taƙaita ƙarfin inji ta yadda gudun ba zai wuce kimanin kilomita 55 a sa'a ba, komai matsa totur da yaro zai yi. An bambanta launinsu don kada a rikice: a sababbin samfura na kullum rawaya ne, na ɗan koyo kore. Kawasaki ma yana ba da makullai biyu a manyan baburansa na Ultra, ɗaya na cikakken ƙarfi, ɗaya na koyo. Yamaha ya daɗe yana amfani da 'yar na'urar hannu irin ta buɗe mota daga nesa, wadda ke kulle inji ko ta rage masa ƙarfi, sannan a wasu sababbin samfuransa lambar sirri ake dannawa a allon gaban matuƙi.

Me ya sa ake damuwa da ɗan koyo haka? Dalili na farko gudu ne. Manyan baburan ruwa suna haura kilomita 100 a sa'a, wato kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Mun koya a aji cewa ƙarfin da abu mai motsi ke ɗauke da shi yana ƙaruwa ne da ninkin gudunsa sau kansa. In kuka raba 100 da 55, kuka ninka amsar sau kanta, za ku sami kusan 3.3. Ma'ana, karo a gudun 100 ya ninka karo a gudun 55 fiye da sau uku, duk da cewa gudun bai ma ninka sau biyu ba.

Dalili na biyu ya fi ban mamaki. Babur ɗin ruwa yana juyawa ne ta hanyar karkata bututun da ke feso ruwa. In aka saki totur, feshin ya ragu, to juyawar ma ta tafi. Wanda ya saba da keke ko babur ɗin tudu, in ya ga abu a gabansa, abin da zai fara yi shi ne ya saki totur ya karkata hannu. A ruwa, yin haka yana sa babur ya zarce kai tsaye zuwa abin da ake gudu. Dole sai an ƙara wuta kaɗan sannan zai juya, kuma jiki ba ya karɓar wannan sai da sabo. Tsofaffin samfura ba su da birki ko kaɗan. Sai a 2009 Sea-Doo ya fito da birkin da ke juyar da feshin ruwan zuwa gaba. Saboda haka makullin ɗan koyo yana ba sabon matuƙi lokacin yin tunani, yana kuma rage tsananin kuskurensa in ya yi.

Inda gizo ke saƙa

Kowace dabara da nata ciwon kai. Tsohuwar hular DESS tana buƙatar ƙarfen cikinta ya taɓa ƙarfen turke kafin a karanta lamba. Ruwan teku kuwa gishiri ne, gishiri kuma abokin tsatsa. In yashi ko gishiri ya taru a wurin, sai mai babur ya kifa hularsa ta gaskiya ya ji doguwar ƙara, kamar shi ne ɓarawon. Shi ya sa masu su ke wanke hula da turke da ruwan daɗi bayan an fito daga teku. Batir mai rauni ma yana rikita kwamfutar. Haka nan in aka bar hular a kan turke bayan an kashe inji, kwamfuta za ta zauna a farke tana shan batir, don haka aka sa ta riƙa ƙara tana tunatarwa.

Don magance matsalar taɓawar, daga samfuran 2015 kamfanin, wanda tun 2003 ya rabu da uwarsa ya koma BRP, ya fito da sabon makulli mai aiki da igiyar rediyo. Turken yana aika sigina, ƙwayar da ke cikin makullin ta samu wuta daga siginar ta mayar da lambarta, ba tare da batir a cikinta ba kuma ba sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Irin fasahar nan ce ke cikin katin banki da ake ɗorawa a kan na'ura a biya kuɗi.

Sai matsalar ɓatan makulli. Wanda ya rasa hularsa ɗaya tilo ba zai sayi sabuwa ya kifa ya tafi ba. Sai an haɗa babur ɗin da kwamfutar dila ko ta makaniken da ke da kayan aikin, an koya masa sabuwar lamba. Wannan yana cin kuɗi da lokaci, musamman ga wanda ke nesa da dila. Shi ya sa ake haɗa igiyar da wani abu mai yawo a saman ruwa, masu lura kuma sukan ajiye makulli na biyu a gida. Akwai kuma abin da makullin ba zai iya ba gaba ɗaya. Yana hana a tayar da inji, amma ba ya hana a ɗauke babur ɗin. Ɓarawon da ya zo da mota ya ja tirelar da babur ke kai bai buƙaci lambar kowa ba, don haka har yanzu sarƙa da kwaɗo suna da aikinsu.

Daga ruwa zuwa tudu

Wannan fasaha ba ta yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. Yawancin motocin zamani da ke kan titunanmu suna da irin wannan ƙwaya a cikin kan makullinsu. Shi ya sa in aka yanka sabon makulli a kasuwa, yakan buɗe ƙofa amma mota ta ƙi tashi, sai an kira mai kwamfuta. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta wannan na'ura a sababbin motoci tun 1998, Ostireliya ta bi sahu a 2001, Kanada a 2007. A Amurka, inda ba a wajabta ba, an ga sakamakon: daga 2021 satar wasu samfuran Kia da Hyundai da ba su da na'urar ta yi ƙamari, bayan bidiyon yadda ake tayar da su ya bazu a kafafen sada zumunta, har sai da kamfanonin suka fitar da gyara.

Akwai abin dubawa a nan ga masu tunanin sana'ar gobe. Makaniken da, sifana da kunne mai jin ƙarar inji sun ishe shi. Na yau yana buƙatar sanin lantarki da kwamfuta, domin injin jirgi da na mota sun koma ba sa tashi sai sun karanta lamba. Darasin maganaɗisu da na lissafin sifiri da ɗaya da wasunmu ke gani kamar wahala ce kawai ta jarrabawa, su ne aka haɗa a cikin hular da ba ta fi murfin kwalba girma sosai ba.

Ga aikin gida kafin mu rabu. Idan lambar wani makulli tana da gurbi 16 na sifiri da ɗaya, makullai nawa daban-daban za a iya yi? Kuma idan babur yana gudun kilomita 55 a sa'a, mita nawa zai ci a cikin daƙiƙa biyu da matuƙi ya yi yana waiwaye? Ku lissafa, ku gwada amsoshinku da na abokai, ku kuma nuna wa malaman kimiyya. Duk wanda Allah Ya kai shi hawa jirgin ruwa, ƙarami ko babba, a teku ko a kogi, kada ya manta da rigar kariya, in kuma jirgin yana da igiyar kashe inji, ya duba ko tana jikin mai tuƙi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.